Ki Gaya wa Wancan

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Baba kuwa ya riga mu komawa ranar wata Asabar da hantsi, yana zaune a bakin ɗakin mota da fulogi a hannu yana goge shi da tsumma. An kai shi makwancinsa kafin la'asar. Mutane ba su gama kakkaɓe ƙasar maƙabarta daga ƙafafunsu ba aka soma gardama a zaurenmu. Ba a kan gona ba, ba a kan gida ba. A kan abin da bakinsa ke faɗa ne duk lokacin da ya tayar da motar nan.

Kusan kowa a unguwarmu a Ikara ya taɓa leƙawa ya gani. Daga ya murɗa makulli har ya kashe, leɓɓansa na motsi, amma ƙarar injin ba ta barin kowa ya ji ko harafi ɗaya. Baffa, ƙanin Baba da ya zo daga Maƙarfi, ya ce ai wannan ba abin tambaya ba ne, salati yake yi. Goggo, yayarsu, wadda ta yi aure a Furana ta zama Kirista tun ban san kaina ba, ta aiko daga cikin gida a gaya wa Baffa bai san ɗan'uwansa ba, waƙar daka ce ta mahaifiyarsu, ita ta gane ta daga yadda yake kaɗa kai. Ƙanena, direban bas tsakanin Kudan da Zariya, ya ce ƙirga bugun inji yake yi, duk makanikin kirki yana yin haka. Wani tsoho da ban ma san shi ba ya gyara zama ya ce shi dai a ganinsa marigayi Italiyanci yake yi mata, tunda ba ta jin Hausa. Aka yi dariya, sannan aka tuna gidan makoki ne, aka shafa fatiha.

Ni ba wanda ya tambaye ni, kuma gara da ba a tambaya ba. Shekara huɗu ina tsaye dab da shi da tocila a hannu, ban sani ba.

Masu gaisuwa ma sun rasa yadda za su yi da mu. Mutum zai durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" a amsa masa, ya ce, "Allah ya jiƙansa," sai ya rage murya ya ce, "To, ita fa?" Kai ka ce marainiya aka bari a ɗaki. Wata tsohuwa mai ƙosai ta yi kuka sosai, da aka lallashe ta sai ta ce ita yanzu da me za ta san lokacin ɗora kasko ranar Juma'a.

Shekaru sun ja tun daga ranar. Waɗanda suka san Baba suna ta raguwa, shi ya sa na ɗauki biro. Kada wanda ya karanta ya zaci na fahimci mutumin nan ne. Ban fahimce shi ba, na dai ƙi yarda a manta da shi.

Ni ne ɗan fari. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san kunyar ɗan fari: iyaye ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane. Wasu kan yi ta sama-sama. Baba ya ɗauki abin ya kai shi inda ko Baffa yakan ce ya yi yawa. Ana yaye ni aka miƙa ni Maƙarfi, a hannun Baffa na girma. In na zo hutu na durƙusa na gaishe shi, bango yake amsa wa. Inna ma haka, a bakinta sunana "wancan". Ƙanena kuwa tun daga bakin titi Baba zai ƙwala masa kira, ya zage shi, su yi dariya, su ci tuwo a kwano ɗaya. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Na san al'ada ce, amma sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba.

Baba makaniki ne. A shekarun da ake ta shimfiɗa kwalta ya yi aiki a ƙarƙashin wani Bature ɗan Italiya, shugaban gareji a wani kamfanin hanya. Da aiki ya tsaya, Baturen ya tattara zai koma gida, ya kai Baba gaban wata mota da ta yi damina biyu a ƙarƙashin tamfol, ya danƙa masa makulli ya ce ya riƙe masa, zai dawo. Ko takarda babu. Wasu sun ce kyauta ce ya ba shi cikin wayo, wasu sun ce yar da ita ya yi. Baba ya ce shi abin da kunnensa ya ji shi ne "riƙe", saboda haka amana ce.

A bayan wata babbar motar rake da ta sauke kaya za ta koma Maƙarfi aka kawo ta. Jawur take, kwance a ƙasa, tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba, ƙarƙashinta ko kaza sai ta sunkuya. Kujeru biyu kacal, ba inda za ka sa buhun gero. Injin a baya yake, inda masu hankali ke sa kaya. Silinda goma sha biyu gare ta, bas ɗin ƙanena mai ɗaukar mutum goma sha takwas huɗu gare shi. Inna ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, "Wannan me take ɗauka?" Baba ya ce, "Gudu." Inna ta ce, "Zuwa ina?"

Matacciya ce a lokacin. Injin ya daskare, ɓeraye sun cinye kujeru sun haihu a ciki. Shekara uku Baba ya yi yana tayar da ita. Ya kwana arba'in yana ɗiga kananzir da baƙin mai a cikin silinda kafin injin ya yarda ya juya. Ya warware komai a kan tabarmi, kowane irin noti da kwanonsa, kuma kwanukan jeren Inna ne, har ta rasu tana ƙorafin biyu ba su dawo ba. Akwai littafin motar, da Italiyanci, Baba kuwa ko bokon Hausa bai iya ba, hotunan yake karantawa. Kayan gyara ba a maganarsu, an hana shigo da na motocin da ake hawa ma balle nata. Gasket, wato shimfiɗar da ke hana mai yoyo tsakanin ƙarafa, da kwali mai kauri yake yanka shi, yana bin bakin ƙarfe da 'yar guduma. Wani baduku a Kudan ya ɗinka kujerun da jar fatar akuya. Wani maƙeri a Maƙarfi ya ƙera masa wani ɗan ƙarfe sau bakwai, Baba ya mayar da shida, a na bakwai maƙerin ya ce ko ya karɓa ko ya bar masa garin.

Sai maganar ɗaki, wadda har yau in na tuna ban san ko in yi dariya ba. Damina ta matso, Baba ya kira magina ya ce su yi wa motar ɗaki, shi kuma ya tafi Zariya neman bel ɗin inji, ya kwana shida. Magina suka yi abin da suka iya. Suka zagaye ta da bango huɗu, suka yi rufi, suka bar taga ɗaya da ƙofa ɗaya daidai shigar mutum. Duk gidan ana kallo, ana kai musu fura, ba wanda ya ce ta ina za ta fita. Baba ya dawo ya tsaya ya daɗe yana duban ƙofar. Babban maginin ya cire hula ya ce, "Maigida, a rushe?" Baba ya ce, "Bari. In mai ita ya zo ya rusa da kansa. Ɓarawo ma ya huta." Ya huda bangon baya, ya jona bututu huɗu da salansarta, suka ɓulla bayan madafin Inna, can inda maza ba sa zuwa. Ya ɗora ta a kan kututture don kada tayoyi su mutu. Har ya rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan, motar da aka ƙera don gudu ba ta matsa ko taku ɗaya ba.

Amma duk Juma'a, an sauko daga masallaci, sai ta yi magana. Ƙarar ba irin ta kowace mota ba ce, tana farawa da gurnani ta ƙare da wani irin kuka mai tsini da ake ji har kasuwa. Baba ya ce mota irin wannan zama ke kashe ta, in ta yi mako biyu ba ta yi zafi ba, komai nata sai ya soma ƙafewa. Abokan gabansa uku ne a duniya: tsatsa, ɓera da zanzaro mai gina gidan laka a duk ramin da ya samu.

Na shigo labarin ne a makare. Akawu nake a wani ofis, soja suka karɓi mulki, aka ce a tsuke bakin aljihu, sai ga sunana a takardar waɗanda aka sallama. Na dawo gidan Baba ina da shekara talatin da huɗu, da mata, da 'ya'ya uku, ba aiki. Juma'ar farko na je na tsaya a bakin ɗakin mota don ban san inda zan sa kaina ba. Baba yana sunkuye a kan inji. Bai ɗago ba, ya dafa motar ya ce:

"Ki gaya wa wancan mai tsayen ya tare mana haske. In ba shi da abin yi, ga tocila nan."

Na waiga, ba kowa a bayana. Tunda aka haife ni wannan ce magana ta farko da Baba ya nufo ni da ita, kuma ta hannun mota ta zo.

Haka muka yi shekara huɗu. Kafreta shida gare ta, kuma dole su ja iska daidai wa daida. Baba ba shi da na'urar awo, guntun tiyo gare shi. Ya sa baki ɗaya a kunne, ɗayan a maƙogwaron kowace kafreta, yana saurare, yana juya sukuru kaɗan-kaɗan. Sai ya ajiye tiyon a kan motar, ba a hannuna ba, ya ce, "Ki gaya wa wancan ya sa kunne. Wannan tana huci kamar mai hawan tudu, waccan barci take. Sai sun zama baki ɗaya." Tayarwa ma da ƙa'idarta. "Ki gaya masa ba a yi miki gaggawa. Rabin makulli, a saurari famfon mai yana ƙas-ƙas har ya lafa. Totur sau uku, a ɗauke ƙafa. Wanda ya ƙara na huɗu ya shaƙe ki." Amma ko sau ɗaya bai ba ni makullin ba, shi yake zama, ni ina riƙe da tocila.

Ba maganar inji kaɗai motar take kawowa ba. Wata rana ya ce, "Ki gaya wa wancan rigarsa ta mutu a kafaɗa. Akwai wata a kan igiya, ba mai ita." Na je na tarar da sabuwar riga, ɗinkin tela, daidai jikina. Ban san wa zan gode wa ba. Na dawo na tsaya kamar wawa na ce, "An gode." Ya ce wa motar, "Kin ji."

Fetur ya yi wuya a shekarun nan. Baba kan ɗaura galan a keke ya je gidan mai ya bi layi, soja na zagayawa da bulala, wani lokaci ya wuni biyu kafin ya samu. Wata Alhamis ya dawo da galan ɗaya, ko sauke shi bai yi ba, sai ga maƙwabcinmu, malamin makaranta ne daga kudancin Kaduna, ya fito a rikice. Matarsa na naƙuda tun safe, abin ya ƙi, an sami mota amma ba mai. Baba ya kwance galan ya miƙa masa, ya tura kekensa cikin gida, ko kallonsa bai sake yi ba. Juma'ar nan garin ya yi tsit, har mutane suka riƙa zuwa tambaya ko lafiya. Na same shi zaune kusa da motar yana shafa mata ƙofa yana cewa, "Ki yi haƙuri. Mace aka samu, suna lafiya."

Da Goggo kuwa sai da suka yi shekara biyu ba sa ga-maciji. Za ta aurar da 'yarta, ta zo ta ce a ba ta motar a kai amarya coci. Baba ya ce a'a. Goggo ta ce don coci ne. Baba ya ce, "Yaya, ko liman ne zai aurar ba za ta fita ba. Ba tawa ba ce. Kuma ta ina?" Goggo ta ce bango ai ba ƙashin bayansa ba ne, ta ɗauki jakarta. Ba wanda ya ba wani haƙuri. Injin niƙan matan cocinsu ne ya lalace, Baba ya ji labari, ya hau keke har Furana ya gyara, ya ci tuwon Goggo ya dawo, shi ke nan.

Nawa faɗan da shi bai ƙare da daɗi haka ba. Wata Juma'a na dafa salansa da zafinta, tafin hannuna ya saluɓe. Ina yarfe hannu na ji ya ce, "Ki gaya wa wancan ƙarfe ba ya sanarwa in ya yi zafi." Raina ya ɓaci, abin da ya taru shekara da shekaru ya taso. Na ce, "Baba, ga ni a gabanka. Ni ba baƙo ba ne. Ka gaya mini da bakinka, ko sau ɗaya." Ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya dubi motar ya ce, "Kin ji? Wani yana ɗaga murya a ɗakinki." Ya fita. Na yi Juma'a uku ban leƙa ba. A ta huɗu Inna ta ce wa matata, "Ki gaya wa mijinki an ce tocila ta soma tsatsa." Na koma. Har ya rasu ban san ko fushi ya yi ba, ko kunya ya ji, ko kuwa ni ne na yi abin kunyar.

To, ranar addu'ar uku aka ce a gwada tayar da motar. Kowa ya dubi ƙanena, shi ne direba, shi ne ɗan gaban goshi. Ba wanda ya lura Baba bai taɓa barinsa ya wuce bakin ƙofar ba, yakan ce ƙafarsa ta direban bas ce. Ƙanena ya shiga ya murɗa, ta yi tari ta shaƙe. Ya dinga taka totur kamar mai kashe kunama, warin fetur ya cika ɗaki, batir ya mutu. Ya fito yana gumi ya ce, "Ta bi mai ita."

Da yamma Baffa ya tara mu. Ya ce ya yi magana da liman, amana ba gado ba ce, ba a raba ta, kuma ba a barin ta a wuyan mamaci ba mai riƙo. In akwai wanda zai riƙe ta yadda marigayi ya riƙe, to. In babu, kashegarin addu'ar bakwai a fasa bango a kai wa hukuma, su ji da ita. Na san harabar da za a kai ta, na ga motocin da ciyawa ta tsiro ta cikinsu. Kuma ni ba ƙarfe nake gani za a fitar ba. Bakin da Baba ya taɓa yi mini magana da shi ke nan, ba ni da wani.

Na ce, "Baffa, a ba ni zuwa Juma'a."

Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ɗana, kai akawu ne, biro ka sani."

Na ce, "A dai ba ni."

Laraba na shiga na rufe ƙofa. Abin mamaki, hannuna ya san hanya. Na kwance fulogi goma sha biyu, duk sun jiƙe sharkaf da fetur, na jera su a kan garwashi a kasko har suka bushe, yadda ya taɓa sa ta gaya mini. Na duba mai, na duba ruwa, na juya tayoyi. Ƙanena ya yarda ya ba ni batirin bas ɗinsa na yini ɗaya, yana cewa in na kashe masa shi mu biyu za mu tura bas har Kudan. Abu ɗaya ya rage, kuma shi ya hana ni sukuni: abin da Baba ke faɗa. Na sa a raina shi ne sirrin, shi ne abin da ƙanena ya rasa. Na je wurin liman ya ba ni salatin da yake zato. Na je wurin Goggo ta rera mini waƙar daka, tana yi tana share hawaye. Har ƙirgan ƙanena na tambaya. Mutum mai 'ya'ya uku, na wuni ina haddace abu uku da ba wanda ya tabbatar da ko ɗaya.

Bakwai ta faɗo ranar Juma'a. Aka yi addu'a da safe, aka raba gumba, amma ba wanda ya tafi. Da aka sauko daga masallaci tsakar gida ta cika, har da mai ƙosai da maƙwabcinmu malami. Na zauna a kujerar Baba karo na farko, ta yi ƙasa ƙwarai kamar a tabarma nake. Rabin makulli. Famfo ya yi ƙas-ƙas ya lafa. Totur sau uku. Na soma salati na murɗa. Ta juya, ta yi tari, ta shaƙe. Na jira, na sake, wannan karon da waƙar Goggo a bakina, Allah ya yafe mini. Ta yi tari ta shaƙe. Na uku na ƙirga, kuma na ji batir ya soma ja da ƙyar. Ta taga na hango Baffa yana duban bango, yana auna inda za a sa diga.

Sai na ga motsi a tsakar gida. Mutane suka dare. Inna ce, cikin mayafin takaba, ta zo ta tsaya a bakin ƙofar da ban taɓa ganin ta tsaya ba. A hannunta totuwar masara huɗu, baƙi ƙirin da hayaƙi. Ba ta dube ni ba, motar ta duba.

Ta ce, "Ki gaya wa wancan ba a tayar da ke da hanci a toshe. Shekara goma sha ɗaya ni ke cire waɗannan daga bututu duk Juma'a in na ji an ja ƙofa, in mayar in kin huce, saboda zanzaro da ɓera. Ba wanda ya tambaye ni."

Ƙanena ya ce, "Haba Inna, ranar uku fa? Kina ji ina ta fama."

Ta ce, "Na ji. Ba kai aka bar wa ba." Ta sake duban motar. "Yau kuma mata ne suka cika mini ɗaki, sai yanzu na samu fita."

Ta juya za ta tafi. Ban san lokacin da na dafa sitiyari ba, na ji bakina yana yin abin da na yi shekara huɗu ina jin haushinsa. Na ce wa motar, "Ki tambaye ta, me yake karantawa in ya murɗa?"

Inna ta tsaya. Sannan ta ce, a hankali, "Ki gaya masa ba karatu ba ne. Suna ne. Wanda ni da shi ba ma faɗa. Ya ce nan ne kaɗai zai kira ba wanda ya ji."

Ba a fasa bangon ba. Baturen bai dawo ba har yau, makullin na wurina, tiyon ma yana nan. Baffa har ya koma ga Allah yana cewa salati ne, Goggo ba ta sauka daga kan waƙarta ba, ƙanena kuwa cewa yake Inna tausayina ta ji ta ƙaga maganar nan take. Wata rana nakan yarda da ita, wata rana in ce in haka ne me ya hana Baba ɗaga murya sau ɗaya tak, ranar da na ƙone hannu na roƙe shi. Waɗanda ke da amsar duk sun kwanta. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya karɓi riƙon da ya yi wa kayan da ba nasa ba, ya haskaka masa kabari fiye da yadda na haska masa inji. Allah ya jiƙan Inna, ya sada su.

Abin da na gani da idona kaɗai zan iya rantsewa a kai. Ranar nan na goge fuska da hannun riga, na yi rabin makulli, na jira famfo ya lafa, na taka sau uku, na murɗa bakina a rufe. Ta kama. Ƙarar ta cika ɗakin har ƙasa na zubowa daga rufi, na ji ta a cikin haƙarƙarina. Na ɗaga kai. Inna tana nan a bakin ƙofa da totuwa a hannu, idonta a kan motar, leɓɓanta na motsi. Ban ji komai ba. Na ƙara taka totur, na riƙe shi a nan, har Inna ta gama.